Tondez ta askin kare: mi ke sa ta daina yanka, kuma wane baki ya kamata ka ɗora mata

Satin da ya wuce da hantsi wani dattijo mai gadin wani gida a Kwara Kano ya iske ni shago riƙe da baƙar leda, muka gaisa ya ce "ɗana, Hajiya ta ce a kawo maka wagga ka duba, in ta mutu ne a sayi wata." Na buɗe leda sai ga tondez ta askin kare, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma kilifa, ƙirar Andis, mai kyau wallahi, irin wadda ko a gwanjo sai ka zube jikkuna kafin a ba ka. Na sa ta a kuran, wato wutar lantarki, ta tashi lafiya lau, ƙararta sumul babu wani kwaramniya. Na ce Baba mi ta yi? Ya ce ba ta yanka, sai dai ta cije gashi ta tsaya, karen ya yi ta kuka yana neman cizon yaron da ke riƙe da shi. Na ɓalle bakin, wato ƙarafan da ke yanka gashin, na tura ƙaramin ƙarfen gefe guda, abin da na tarar a tsakani sai wanda ya gani, jan yashi da gutsuren gashi da wani mai da ya daskare sun haɗu sun koma kamar tunkuza. Na shinshina na ce Baba man gyaɗa kuka zuba mata ko? Ya yi dariya ya ce to ai mai mai ne.

Ni asalina askin mutane na koya, askin karnuka daga baya ya same ni ta hanyar wani patoro a Filato mai kanish guda biyu, irin karnukan nan masu gashi a murɗe, kuma tun daga lokacin duk tondez goma da aka kawo mini wai ta mutu, mafi yawansu injinsu ƙalau yake, bakin ne aka kashe. Shi ya sa nake son in warware zancen nan a tsanake don masu gadi da yaran gida da ake ɗora ma wanga aiki ba tare da kowa ya nuna musu ba, da kuma masu karnukan da kansu da ke ganin kamar an cuce su a kasuwa.

Bakin nan, ko lam in ka ga dama, ƙarfe biyu ne masu haƙora a kwance ɗaya kan ɗaya. Babban na ƙasa shi ke bin fatar kare yana tattara gashi cikin haƙoransa, ba ya motsi. Ƙaramin na sama shi ke kai da komowa hagu da dama sau dubbai a minti ɗaya, wasu injinan har fiye da sau 3000, kuma akwai wani rasor, wato sifirin, da ke danne shi kan na ƙasan. Kenan almakashi ne masu yawa a jere ke aiki lokaci guda. To ka san almakashi, in ɗan abu ya shiga tsakanin ƙarafan biyu ya raba su ko da kaurin silin gashi ne, sai ya daina yanka ya koma tauna. Haka nan ma. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɗaga na sama, gashi ya saƙale, inji na ta gudu amma babu abin da ke faɗuwa ƙasa. Kuma yashin ba ɗagawa kawai yake ba, gurza yake, ƙarfe na goga ƙarfe da yashi a tsakani ai wasa wuƙa ce a baibai.

Yanzu ka dubi garinmu. Kare a Yamai kwana yake cikin rairayi, ya tona rami inda aka zubar da ruwa ya kwanta don ya ji sanyi, lokacin hunturu kuma ƙura ta shige har gindin gashi. Mutanen da suka ƙera kayan nan a Amurka da Jamus ba irin wagga ƙura suke fama da ita ba, amma ko su ɗin abin da suke faɗa kullum shi ne a wanke kare kafin a sa mashi tondez. Mu nan ya zama dole ninki biyu. Wanka da sabulun karnuka, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe ƙarau, a taje har shatar ta riƙa wucewa ba ta tsayawa, sannan a kunna inji. Gashi mai danshi ma ba ya yankuwa da kyau, mannewa yake cikin haƙora, ga tsatsa a biyo baya.

Sai dai akwai inda wagga doka ke juyewa. In gashin ya riga ya cukurkuɗe ya dunƙule kamar tabarma, musamman bayan kunnuwa da hammata da ƙarƙashin wuya, ko ƙarangiya ta shige ciki bayan damina ta ɗaure komi, kar ka jiƙa shi, ruwa ƙara ɗaure shi yake. A nan sai ka yi askin farko da dattin, da wani tsohon baki da ka ware don wanga aiki wanda ba ka jin tausayinsa, ka bi ta ƙarƙashin dunƙulen a hankali, bayan nan a yi wanka, a bushe, a gyara da baki mai kyau. Kuma don Allah ban da almakashi a irin wurin nan. Dunƙulen yana jawo fata sama, kai kana ganin gashi kake yankewa ashe har da nama, na ga kunnen da sai da likitan dabbobi ya ɗinke saboda haka.

Zancen lambobi shi ya fi rikita mutane, don a baibai suke tafiya. A manyan tondez masu bakin ɓallewa, tsarin da ake kira A5 wanda kamfanin Oster ya fara kuma Andis da Wahl da Heiniger ta Suwizalan suka bi, ta yadda bakin wannan ke hawa injin wancan, lamba babba tana nufin aski ƙasa-ƙasa, lamba ƙarama tana barin gashi da tsawo. Lamba 10 tana barin wajen milimita 1.5, ita ce galibi ke zuwa cikin kwali tare da inji, kuma in baki ɗaya tal za ka mallaka to ita ce. Da ita ake ciki da hammata da kewayen dubura da fuskar kanish, don haƙoranta a matse suke fata ba ta samun hanyar shiga. Lamba 15 wajen milimita 1.2, lamba 30 rabin milimita, lamba 40 kuwa rubu'in milimita, wannan ƙwal ne, ita likitocin dabbobi ke aske wurin da za su yi aiki da ita kafin su tsaga. Wani ya taɓa sayo 40 yana murna wai ya samo wadda ta fi girma don karensa gashi gare shi da yawa, ya bi bayan dabba da ita tun daga wuya har wutsiya, kwana biyu fata ta yi ja jawur rana ta gasa ta.

In gashi kake son bari sai ka gangaro ƙasa. 7 tana barin milimita 3 da ɗan abu, 5 wajen milimita 6, 4 wajen 9 da rabi, akwai wadda ake rubuta 3¾ mai barin wajen 13. Tsakanin kamfani da kamfani ana samun ɗan bambanci kaɗan, shi ya sa ka duba jikin ƙarfen, galibi an buga milimitan a kai, wasu bakunan Turai ma milimitan kawai suke rubutawa, abin ya fi sauƙi. Kuma wannan tsawon in ka bi kwanciyar gashi ne, daga wuya zuwa wutsiya. In ka juya ka bi ta gaba da gashin, kamar yadda muke ma mutane a ƙeya, sai ya fito ƙasa sosai fiye da abin da lambar ta ce. Masu askin mutane da suka shigo harkar nan a nan suke fara yin ɓarna, hannu ya saba da hawa sama.

Ga kanish ko bishon, ɗan ƙaramin karen nan mai gashi kamar auduga, a zafin Yamai ni 7F ko 5F nake bin jiki da ita, 10 a ciki da wuraren tsabta, shi kenan an gama. Wancan harafin F ɗin, wasu su rubuta FC, ba ado ba ne. Akwai 7 mai F akwai 7 marar F, haka 5 da 4. Mai F haƙoranta duk tsawonsu ɗaya, aski ke fita sumul. Marar F kuwa haƙori dogo ne sai gajere, dogo sai gajere, kamar mai wushirya a ko'ina, an yi ta don ta kutsa cikin gashi mai kauri ta yi sharar farko. Tana da amfani a hannun gwani, amma giɓin nan yana haɗiye fata kamar yadda yake haɗiye gashi. Gefen kunne, hammata, siririyar fatar nan da ke haɗa cinya da ciki, kan nonon karya, jijiyar bayan ƙafa, duk wuraren da in marar F ta taɓa sai jini. In kai sabon hannu ne ka bar ta a shagon mai sayarwa, ba ta gudu. Ko mai F ɗin ma ban yarda a kai ta hammata ba, a canza a sa 10, a ja fatar da yatsu ta miƙe, a kwantar da bakin a kan fata kar a soka shi da tsini. Kyanwa kuwa, tunda wasu kan tambaya, fatarta ta fi ta kare laushi nesa ba kusa ba, ni ban wuce 10 a kanta, in ma da hali a kai ta wajen likita.

Sai sabo, ba sabo na sabon kaya ba, wancan ɗan mataji da ake maƙalawa a kan baki don a bar gashi da tsawo, irin wanda duk mai aski ya sani. Shi yana rage kashe kuɗi, maimakon ka sayi bakuna biyar ka sayi saitin sabo ɗaya. A kan 30 ya fi zama daidai, yana hawa 10 da 15 ma, amma ban da 40, haƙoranta sirara ne sabon ƙarfe na iya taɓa su su karye. Kuma sabo ba ya shiga gashin da ba a taje ba, da ya ci karo da ƙulli sai ya tsaya ko ya ɓalle, kai kuma hannunka na tafe, sai ka ga ka buɗe hanya fara a tsakiyar baya da 30 tsirara. Ya taɓa faruwa da ni a gaban mai karen, matar ta dafe kai ta ce "Malam wannan kuma wane salo ne", dole na sauke duk jikin ƙasa don ya daidaita.

Akwai kuma ƙananan tondez masu batir irin su Arco da Bravura, bakinsu ɗaya ne mai ɗan maɓalli da ke juya shi daga 9 zuwa 10, 15, 30 har 40. Ba su da nauyi, ba su da ƙara, kare mai tsoro ya fi yarda da su, sun dace da fuska da tafin ƙafa. Bakinsu dai ba ya hawa A5, na A5 ba ya hawa kansu, ka sani kafin ka aika a sayo maka. Kuma ba a sa su sharar babban kare mai gashi cunkus, wahalar da su ne.

Ana yawan tambayata seramik ko ƙarfe. Bakin da ake ce ma seramik ƙaramin na sama ne kawai fari kamar tangaran, na ƙasan ƙarfe ne. Ya fi jinkirin ɗaukar zafi, kaifinsa na daɗewa, a watan Afrilu da Mayu da ma'auni ke haura 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa shi ne in ya suɓuce ya faɗi a siminti ko karo, wato tayil, sai haƙora su ɓantare, kuma wasa shi sai da kayan aiki na musamman. Na ƙarfe ya fi haƙuri da hannun yara. In ni kaɗai ke taɓa kayana sai in ce seramik, in gida ne da kowa ke ɗauka ya ajiye, ƙarfe.

Zafin bakin nan a ɗauke shi da gaske. Ƙarfe biyu na gogayya cikin sauri, a rumfar da iskarta ma zafi gare ta, cikin ƴan mintoci bakin kan kai inda zai ƙona fata, kare kuma ba ya magana, sai dai ka ga yana zillo ka ce rashin ji ne. Washegari ya kama lasa da susa a wurin har ya zama gyambo. Ni duk bayan ɗan lokaci nake ɗora bakin a cikin tsintsiyar hannuna, in na kasa barinsa a nan to ba ya komawa kan dabba. Dabarar da ta fi ita ce ka mallaki 10 guda biyu, in ɗaya ya yi zafi ka ɓalle ka kwantar da shi a kan karo mai sanyi ko faranti na ƙarfe a inuwa, ka sa ɗayan. Ba a tsoma shi a ruwa. Feshin sanyaya baki da ake sayarwa yana taimako na ɗan lokaci amma ba mai ba ne, wasu na fesa shi su ce sun sa mai, ba su sa ba. In injinka mai gudu biyu ne, a wurare masu laushi ka bar shi a na ƙasa, gudu da yawa zafi da yawa.

To mai. Ɗigo uku a kan haƙora, hagu da tsakiya da dama, ɗigo ɗaya-ɗaya a baya inda ƙarfen biyu ke zamewa kan juna, inji na gudu kansa na kallon ƙasa don kar man ya gangara cikin motar injin, wato abin da ke juya shi daga ciki, daƙiƙa kaɗan sai ka kashe ka goge abin da ya yi yawa da tsumma. Kafin ka fara, da duk bayan minti 10 zuwa 15 kana cikin aiki, da bayan ka gama. Man da ke zuwa da tondez shi ne na gaskiya, in ya ƙare ba ka samu ba, farin man keken ɗinki mai tsabta yana rufa asiri. Man gyaɗa da man ja da duk wani man girki daskarewa suke su yi danƙo su kama ƙura, abin da ya faru da ta Baba kenan. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa cike yake da garin ƙarfe da datti, ga shi zai taɓa fatar dabba ta lashe. Mai da yawa ma matsala ne a garin ƙura, bakin da ke nashe-nashe da mai tarkon yashi ne.

Wankin baki ba wuya. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Ka ɓalle bakin, ka share gashi, ka tura ƙaramin ƙarfen gefe har rabi ka share, ka maida shi ɗaya gefen ka share, kar ka fitar da shi gaba ɗaya don maida shi ƙarƙashin rasor aiki ne. Akwai ruwan wankin baki na musamman, ana zuba kaɗan a murfi a tsoma haƙoran kawai inji na gudu, ka ga baƙin datti na fita. Na san masu yi da kalanzir, yana fitar da datti ba ƙarya, amma in ba a goge shi tas ba yana cin fatar kare, isansi kuwa kar ma ka fara, tartsatsi ɗaya daga motar injin ya isa. Zabel, wato bilic na wankin tufafi, tana cin ƙarfe. Alkol na kashe ƙwayoyin cuta da dama amma yana kwashe mai, don haka bayansa sai an sake sawa. Sabon baki ma da ya fito daga kwali a wanke shi a sa mai kafin aikin farko, da wani abin hana tsatsa ake shafe shi a masana'anta.

Tsabtar nan ba don ƙarfe kaɗai ba ce. Makero da ƙazuwa suna bin baki daga kare zuwa kare, makero har mutum yake kamawa, kuma alkol kaɗai ba a dogara da shi a kansa. In na ga kare da tabo zagaye gashi ya zube ko fata na ɓarewa, cewa nake a fara kai shi wajen likitan dabbobi. Kaska kuma a cire ta kafin aski, in baki ya bi ta kanta jini ne da ciwo. Kuma kafin in sa hannuna kusa da bakin karen da ban sani ba sai na tambayi takardar allurar haukan kare, wannan ba abin jin kunya ba ne, ciwon na nan a ƙasarmu kuma in ya bayyana a jikin mutum babu magani.

In ka wanke ka sa mai har yanzu ba ta yanka, kar ka yi saurin yanke hukunci, ka sa wani bakin ka gwada. In wancan ya yanka to na farkon ya dakushe. In duk bakin da ka sa abin ɗaya ne, ko kuma aski na fita da layi-layi kamar kunyar gona, to ka dubi ɗan harshen roba da ke kan inji wanda ke shiga cikin bakin yana tura shi. Wannan abin cinyewa yake a hankali, da gangan aka yi shi da roba don shi ya mutu a madadin mota, kuma canza shi aikin turnabis ne na minti biyar. Wahalar ita ce samunsa a Yamai, don haka duk wanda zai sayo maka tondez daga waje ka ce ya haɗo da biyu ko uku, sun fi turare amfani. In bakin na kaɗawa yana ƙara kamar gwangwani, ko dai maƙallin da yake hawa ya saki, ko ƴan kunnuwa biyu na ƙarfe da ke bayan bakin sun buɗe, ana ɗan matse su da filaya kaɗan-kaɗan. Kuma bakin A5 ana danna shi ne inji na gudu don harshen ya faɗa gurbinsa daidai. Tsofaffin Oster suna da ƴan ramukan shan iska da ke toshewa da gashi sai jiki ya yi zafi, suna da sharbon, ƴan gawayin da ke cikin motar injin, da ke ƙarewa, duk mai gyaran fanka ko injin huda ƙarfe ya san wannan.

Wasa baki shi ne inda na yi asara mafi ciwo. Na taɓa ba wani mai wasa wuƙaƙe a kasuwa 7F ɗina, ya ɗora ta a dutsen da yake wasa adda, ya miƙo mini tana ƙyalli, ko zare ba ta ƙara yankewa ba. Ba laifinsa ba ne, nawa ne. Wuƙa gefenta ake wasawa, shi wanga fuskar da ke kwance kan ƴar uwarta ake gogewa, a kan faifai na musamman da aka daidaita, kuskure kaɗan ƙarafan biyu sun daina haɗuwa. Dabararmu ta masu aski, takardar yashi mai laushi a kan gilashi, takan ɗan farfaɗo da baki in hannu ya iya, amma ba ta maida shi sabo. In ka kwance kuma wajen ɗaurewa ka tabbata haƙoran na sama sun tsaya ɗan baya da tsinin na ƙasa, in suka leƙo gaba to fata za su yanka kai tsaye.

Kuran ma ya kashe tondez da yawa a garin nan. Namu 220 ne, na Amurka 120, wanda aka aiko ma kyauta daga can ya cusa a piriz ba taransfo sai hayaƙi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ko da taransfo akwai sauran magana, kuran namu yana bugawa sau 50 a daƙiƙa nasu sau 60, taransfo kuma ba ya canza wannan. Tondez mai mota mai juyawa ba ta cika damuwa ba, amma mai maganaɗisu, irin wadda Leo Wahl ya ƙirƙiro a garin Sterling na jihar Illinois har kamfanin ya kafu a 1919, wadda yawancin masu askin mutane ke riƙe da jikokinta, ita da bugun kuran take tafiya, in ta Amurka ce ka kawo ta nan sai ta yi ta ruri kamar injin niƙa. Ka nemi wadda aka yi don Turai. Dama ita mai maganaɗisun ƙarfinta bai kai na gashin kare mai kauri ba, kuma tondez ɗin da ta taɓa kare ba ta komawa kan mutum, wannan ko ba a faɗa ba. Mai batir tana ceto in an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki da rabin kare, sai dai batirin ba ya son zafi, kar a bar ta cikin mota a rufe ko ƙarƙashin sirdin babur da rana.

Akwai kuma karnukan da maganin tondez ɗinsu shi ne kar a kunna ta. Karenmu na gida da na farauta, da siririn nan na Azawak da Buzaye ke kiwo a arewacin Tawa wanda tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, gashinsu gajere ne manne da fata, buroshi da cire kaska sun wadatar. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne berje alman da haski, karnukan nan na ƙasashen sanyi masu gashi cunkus, masu su na ganin suna haki da rani sai su ce a aske su ƙwal su sha iska. Kare ba ta fata yake fitar da zafi kamar mu ba, ta haki ne. Waɗannan gashi hawa biyu gare su, na ciki mai laushi kamar auduga da na waje mai ƙarfi da ke tare rana, in ka aske ka buɗe fata ga ranar Yamai, kuma wani lokaci gashin ya dawo a hargitse ko ya yi watanni bai fito ba. Abin yi shi ne a taje a fitar da mataccen na cikin, a ba shi inuwa da ruwa, a daina fita da shi da tsakar rana. Wani Alhaji ya ji haushina da na ƙi, ya ce kuɗi zai biya, na ce Alhaji ka yi haƙuri, na taje mashi karen na cika leda biyu da gashi, ya tsaya yana kallon ledojin.

Ta Baba dai wanki ta sha da mai, na canza mata harshe da wani da nake ajiye da shi, bakin 10 ɗin ya farfaɗo, na gwada a kan guntun gashin da nake ajiyewa don haka ya zube kamar gari. Na naɗe bakin cikin tsumma mai ɗan maiƙo na sa a tsohon gwangwanin madara mai murfi, na ce mashi nan zai riƙa kwana, da hunturu saboda ƙura, da damina saboda tsatsa, kuma igiyar kar a nannaɗe ta a jikin inji don daga gindi take karyewa. Ya karɓi ƴar kwalbar man da na zuba mashi ya ɗaga ta sama yana dubawa, ya ce "ɗana wannan ɗan kaɗan ɗin?" Na ce Baba ɗigo biyar-biyar ne, zai kai ku har bayan layya.